Wane makirufo zan saya wa gangar ƙafa?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin manya. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a Kaduna, shekara huɗu ke nan duk kiɗan da nake yi daga kwamfuta da fiyano yake fitowa, kamar yadda yawancinmu muke yi. To sai ga wani mawaƙi ya kawo min aikin waƙa shida, ya ce shi lallai makaɗi na gaske yake so, da cikakken saitin ganguna, a haɗa da kalangu. Jiya muka gwada. Sauran gangunan ba laifi, amma babbar gangar ƙafa, wadda muke ce wa kik, ta ƙi fitowa. Na sa mata SM58 ɗin da nake ɗaukar murya da shi, abin da ya shiga kwamfuta kamar ana dukan kwalin taliya da tafin hannu. Alhali kana tsaye a ɗakin har cikin ƙirjinka kake jin ta. Kuɗin da ke hannuna na makirufo ɗaya ne tak. An ambata min AKG D112 da Shure Beta 52A da Audix D6. Katin sautina, wato na'urar da ke shigar da makirufo cikin kwamfuta, Behringer ne mai ƙofa huɗu. Wanne zan ɗauka?

Mai Sautin Biki: Wa alaikumus salam. D6, ka rufe ido ka saya. Magana ta ƙare.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka fitar da ko sisi, amsa min tukuna. Gangar inci nawa ce? Fatar gaba tana da rami ko a rufe take? Akwai wani abu a cikinta? Kan makaɗin fedar na auduga ne ko na roba? Kuma a ina ka ajiye SM58 ɗin?

Ɗan Kawo: Baba, inci 22 ce. Fatar gaba a rufe take ruf, babu komai a ciki. Makaɗin na auduga ne, ya tsufa har gefe ɗaya ya baje. Makirufon na ajiye shi a gaban gangar, kamar taki ɗaya tsakaninsu.

Baba Injiniya: To ka ga inda gizo ke saƙar. Ko makirufon miliyan ka kawo wa gangar nan a yadda take, abin da ta faɗa shi zai maimaita. Makaɗin Tudun Wada, kana kusa? Wannan ɓangarenka ne.

Makaɗin Tudun Wada: Ga ni, Baba. Malam Ɗan Kawo, ka ba ni minti talatin na lokacinka kafin ka je kasuwa. Ka kwantar da gangar, fatar da ake duka tana kallon sama. Ka sassauta duk kusoshin har fatar ta yi tamoji. Ka ɗora tafin hannunka a tsakiya ka danna, sannan ka riƙa ɗaure kusoshin rabin juyi rabin juyi, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, kada ka bi su a jere. Da zarar tamojin ya ɓace ka tsaya. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗaure fatar kik tam kamar ta kalangu, sai ta riƙa cewa "tong" maimakon "dum".

Sai ka samo filo madaidaici ko bargo a ninke, ka shimfiɗa a cikin gangar ya ɗan taɓa fatar da ake duka daga ƙasa. Taɓawa kawai. Na taɓa shiga wani wuri na tarar an cusa wa ganga katifar yara da zannuwa har ta cika maƙil, suna mamakin me ya sa ba ta da rai. Iska ce ke yin sautin nan, in ka cinye mata wuri me zai motsa?

Maganar rami kuma, in mai gangar ya yarda: ka samo gwangwani mai faɗin inci huɗu zuwa biyar, ka ɗora bakinsa a kan wuta ya yi zafi sosai, ka riƙe da filaya ka danna a kan fatar gaba bayan ka cire ta ka shimfiɗa a kan katako. Zai yanka maka da'ira tsaf, bakin ya narke ya liƙe, ba zai yage ba. Kada ka yi shi a tsakiya, ka yi daga gefe, wajen inda ƙarfe huɗu yake a fuskar agogo. In ka fasa tsakiya fatar gaba ta daina aiki. In kuma bai yarda ba, ka cire fatar gaban gaba ɗaya ranar ɗauka, ka mayar masa bayan an gama. Kan makaɗin da ya baje kuwa, canza shi ya fi komai araha a duk wannan lissafin.

Mai Sautin Biki: Duk na yarda da wannan. Amma bawan Allah tambayar makirufo ya yi, a ba shi amsa. Ni shekarata tara ina jan kayan sauti daga wannan ɗakin taro zuwa wancan. D6 tun daga kamfani an gyara masa murya: an ɗaga ƙasa, an kwashe tsakiya inda wannan ƙarar kwalin take, an ɗaga sama inda ƙyas ɗin makaɗi yake. Ka zura shi cikin rami, ka ɗaga maɓallin ƙara, shi ke nan. Ga shi ƙarami, mara nauyi, ba ya rinjayar sanda. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ganga ba, ai wanda zai rage masa wahala ya kamata a ba shi.

Baba Injiniya: Mai Sautin Biki, a fagenka gaskiyarka ce. A wurin biki amarya ta iso, ba ka da minti biyar na murɗe-murɗe, D6 zai fitar da kai kunya. Amma situdiyo wani abu ne daban. Abin da makirufo ya kwashe tun wurin ɗauka, dawo da shi sai an sha wuya, kuma ba ya dawowa da daɗinsa. Wanda ya ɗauko maka sautin da ɗan cikarsa kuwa, kana iya rage abin da ba ka so da hannunka. Kwashe 300 zuwa 500 Hz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi) a kwamfuta aikin daƙiƙa goma ne. Kuma D6 muryarsa ɗaya ce, kowace ganga ka ba shi kusan abu guda zai mayar maka. Masu kiɗan rok mai zafi suna son haka. Yaron nan waƙar Hausa zai yi da kalangu.

Bari in ƙara da wani abu da matasa ba su cika sani ba. Makirufon da aka yi shekaru ana ɗaukar gangar ƙafa da su a manyan situdiyoyin duniya, ba don ganga aka ƙera su ba. AKG D12, wanda kamfanin ya fitar a birnin Vienna na Ostiriya a 1953, na murya ne da gidajen rediyo. Sennheiser MD 421 na 1960, haka. Electro-Voice RE20 na 1968, har gobe shi ne a gaban masu gabatar da shirye-shirye. Injiniyoyi ne suka gwada suka ji sun dace. D112 ɗin da ake ce wa ƙwai saboda siffarsa, daga baya ne aka yi shi a matsayin magajin D12, aka ƙara masa kaifi wajen 4 kHz, wato Hz dubu huɗu, don dukan ya fito.

Mai Sautin Biki: Baba, da girmanka, amma kalangun da ka ambata ai hujjata ce. Kalangu a tsakiya yake magana. In kik ta bar masa tsakiyar, ba sai kowa ya samu wurin zama ba?

Baba Injiniya: Wannan magana ce mai kyau, na karɓa. Sai dai ka duba ɗaya gefen. Dukan makaɗin kalangu a kan fata, wannan ƙyas ɗin, yana sama ne, kusa da inda D6 yake ɗaga nasa. In makaɗan biyu suka faɗa a bugu ɗaya, sai ka rasa wa ke magana. A waƙar da kalangu ne jagora, ni na fi son kik ta zauna a ƙasa ta riƙe gida, ta bar masa bakin magana.

Hajiyar Rediyo: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma tunda an ambaci RE20 bari in ce wani abu. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da shi a ɗakin watsa shirye-shirye. Abin da ya bambanta shi, ko ka matso ko ka ja baya, kaurin muryar ba ya canzawa sosai. Yawancin makirufo masu fuskantar gaba, da ka matso da su sai ƙasan sautin ya kumbura. Shi an ƙera shi ne don ya rage hakan. Shi ya sa yake ba da ganga yadda take. Amma kuɗinsa ya ninka na waɗancan ukun, ga nauyi, don haka ban ce Ɗan Kawo ya saya ba.

Abin da ya sa na yi magana daban ne. Ƙanena, wa zai saurari waƙar nan, kuma da me? Kullum ana kawo mana waƙoƙi a saka. Sai ka ji a manyan sifikun situdiyo ganga tana girgiza gilashi, amma da na saurara a ƙaramar rediyon da ke kan teburina, babu ita sam, kamar an goge ta. Asalin kaurin kik mai inci 22 yana wajen 50 zuwa 80 Hz ne, sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da wannan ko kusa. Mai shayi da ɗan acaba da matar da ke girki da waya a gefen murhu, abin da ke isa kunnensu shi ne jikin gangar daga 100 Hz zuwa sama, da dukan makaɗi tsakanin 2 zuwa 5 kHz. Saboda haka duk wanda za ka gwada, ka tura abin da ka ɗauka cikin wayarka ka saurara kafin ka yanke hukunci.

Ɗan Kawo: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi wannan bai taɓa zuwa min a rai ba, kuma mawaƙin ma ta WhatsApp da TikTok yake sakin waƙoƙinsa.

Sabon Shiga: Don Allah a yi min uzuri, ni ɗalibi ne. Ina da makirufo irin na kondensa, na murya. In na sa shi a kik zai ƙone ne? An ce min ƙarar ta yi masa yawa.

Baba Injiniya: Tambaya ba laifi ba ce, ɗana. Ƙara ba ta cika kashe kondensa ba, sai dai ta sa sautin ya fashe in ta wuce abin da yake iya ɗauka. Abin tsoro shi ne iska. Ka sa tafin hannunka a bakin ramin kik a taka feda, za ka ji iskar da ke fitowa kamar an hura maka. Kada ka sa kondensa daidai saitin ramin. Ka ja shi baya kamar kamu ɗaya, ka kauce wa ramin, in yana da maɓallin rage ƙarfi na 10 dB ka danna. A manyan situdiyo haka suke yi da Neumann U47 FET, a waje, wani dainamik, irin su SM58 da waɗancan ukun, kuma a ciki. Wanda iska ke yi wa illa nan take shi ne makirufo mai ribon, don ɗan siririn ƙarfen da ke cikinsa yana iya miƙewa ko ya tsinke. Akwai kuma kondensa da aka yi musamman don cikin ganga, Shure Beta 91A, shimfiɗaɗɗe ne, a kan filon ake kwantar da shi, yana buƙatar wutar 48V. Yana kawo duka sosai, amma ban ba mai makirufo ɗaya shawarar ya fara da shi ba.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Ni abin da zan ce, kowane ka zaɓa ka kiyayi jabu. Bara na sayi mikro a hannun wani ɗan kasuwa, kwali da takardu da jaka komai daidai, farashi kuma ya yi sauƙi har na yi murna. Da na haɗa shi, sautin siriri, babu ƙasa ko kaɗan. Wani abokin aiki ya kawo nasa na asali muka ajiye gefe da gefe, tun daga ɗagawa hannu ya gaya min gaskiya. Beta 52A na asali giram 605 ne, ya haura rabin kilo. Ka tafi da ɗan sikelin kicin in za ka saya, ba abin kunya ba ne. Waɗannan ukun da ka lissafa, a ƙasashen waje kowanne yana wajen dala 200. In ka ga ana sayar maka da sabo a kashi ɗaya cikin uku na wannan, ka san akwai lauje cikin naɗi. Kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi.

Mai Gyaran Sifika: Oga Ɗan Kawo, in kauri kake nema, kada ka kashe kuɗi. Sifika da makirufo dainamik abu ɗaya ne aka juya: waya a naɗe, maganaɗisu, da fata mai motsi. Ka samo sifika mai inci shida ko takwas, ka haɗa wayoyinta biyu da fil na 2 da na 3 a kan XLR, wato kan wayar makirufo mai fil uku, ka rataye ta a gaban gangar kamar yatsa huɗu daga fata. Za ta ɗauko maka ƙasan da babu makirufon da zai kawo. Injiniyoyin Turai da Amurka da sifikar Yamaha NS-10 suka riƙa yin haka, har kamfanin ya zo ya yi nasa na sayarwa mai suna Subkick. Na haɗa wa mutum uku a shagona. Ƙarfinta yana da yawa, sai an rage kafin ya shiga kati.

Hajiyar Rediyo: Dabara ce mai kyau, amma abin da za ta kawo shi ne daidai abin da waya ba ta fitarwa.

Baba Injiniya: Kuma ita kaɗai ba ta wadatarwa, ta biyu ce. Ku lissafa ƙofofinsa: huɗu ne. Kik ɗaya, sineya, wato ƙaramar gangar da ke gaban makaɗi, ɗaya, biyu a saman gangunan. Kalangu ma sai dai a ɗauke shi daga baya. Ina za a sa ta? Ka ajiye wannan sai ka samu kati mai ƙofa takwas. Ranar da za ka yi, ka tuna sauti yana tafiyar kusan santimita 34 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Makirufo biyu a nesa daban-daban da fata ba sa jin duka a lokaci guda, wani sa'in sai su cinye juna, ka haɗa biyu ka samu ƙasa da abin da ɗaya ya ba ka. Ka danna maɓallin juya fuskar sauti (phase) a ɗayansu, wanda ya fi kauri shi ne daidai. Ko yanzu ma ka yi wannan gwajin tsakanin kik da na sama.

Wani abu da ya shafe mu nan: wutarmu 50 Hz ce, ta NEPA da ta janareta duka. Gurnanin wuta yana zaune ne daidai inda kaurin kik yake. A murya kana iya yanke ƙasa ka huta, a kik in ka yanke ka yanke gangar. Don haka ka nisanta wayar makirufo da wayar wuta da sitabilaiza, in dole su haɗu su gitta juna, kada su yi tafiya a jere. Ka yi amfani da XLR mai kyau. Ka ɗauki shiru na daƙiƙa goma kafin makaɗi ya fara, ka ɗaga ka saurara da abin kunne.

Mai Sautin Biki: To Baba, an zagaya an zagaya. In kai ne, wanne?

Baba Injiniya: In ni ne da irin wannan waƙa, Beta 52A. Ƙasansa yana da faɗi da taushi, kuma yana da matsattsen kunne, bai cika kwaso sineya da faranti daga gefe ba, abin da ƙaramin ɗaki yake buƙata ke nan. D112 ya fi shi naushi a tsakiya, kuma yana yi wa gitar bas da manyan gangunanmu na gargajiya kyau, na sha sa shi a ganga mai fatar akuya na ji daɗi. Amma kunnena ba naka ba ne, Ɗan Kawo. A Kaduna ba za ka rasa masu ba da hayar kayan sauti ko majami'ar da ke da ɗaya daga cikinsu ba. Ka yi hayar kwana ɗaya. Ka ɗauki bugu iri ɗaya a wuri uku: can ciki kamar yatsa huɗu daga fatar duka, a ɗan kauce wa inda makaɗi ke sauka; sai tsakiyar gangar; sai daidai bakin rami. Can ciki duka ne zai fi yawa, bakin rami kauri da iska. Tazarar yatsa uku tana canza sauti fiye da yadda kake zato.

Makaɗin Tudun Wada: Kuma a gaya wa makaɗin ya riƙa barin makaɗin feda ya dawo baya bayan duka, kada ya danne shi a jikin fata. Dannewa tana kashe kaurin.

Ɗan Kawo: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Mai gangar ya yarda aka yi ramin, da gwangwanin madara muka yi, ya fita tsaf kamar daga kamfani. Na ɗaure fatar yadda Malam Makaɗi ya ce, na sa bargo, muka sayi sabon kan makaɗi mai fuska biyu, auduga da roba. Kafin in taɓa wani makirufo na mayar da SM58 ɗina cikin ramin, wallahi har mawaƙin ya tambaya ko sabon ne na sayo. Ƙasan dai bai kai ba, amma kwalin ya tafi.

Na samu hayar D112 da Beta 52A, D6 ban samu ba, Oga Mai Sautin Biki ka yi haƙuri, na so in ji shi. A manyan sifiku Beta 52A ya fi cika ɗaki, kamar yadda Baba ya faɗa. Da na tura waya kamar yadda Hajiya ta ce, D112 ne aka fi ji, musamman da muka juya makaɗin zuwa fuskar roba. Sai dai da kalangu ya shigo, robar ta yi masa kutse, muka koma auduga, na matsar da D112 ɗin ciki kamar yatsa shida daga fata, na ɗan karkata shi gefe. A nan muka tsaya, ni da mawaƙin da makaɗin duk muka yarda. Shi zan saya, kuma mai hayar ya ce zai raka ni da nasa mu gwada su gefe da gefe a shagon.

Gurnanin wuta ma na same shi, Baba. Wayar kik ce ta bi ta bayan sitabilaiza. Na ɗauke ta na zagaya da ita ta ɗaya bangon.

Mai Sautin Biki: Ba komai, Allah ya sa albarka. Ranar da aiki ya kawo ni Kaduna zan zo maka da D6 ka ji da kunnenka.

Makaɗin Tudun Wada: Ka turo mana daƙiƙa talatin na kik ɗin ita kaɗai, da wani talatin ɗin tare da kalangu. Kuma ka sa alama da tef a ƙasa inda ƙafar sandar take, ka auna nisan da ke tsakanin makirufon da fata ka rubuta a bango, don waƙa shida ba a rana ɗaya za ku gama ba.